Hatsin da Aka Ce Ba Ya Ƙarewa

Shekarata ta farko a aikin koyarwa na yi ta ne a wani kolej na ƙauye, can bayan Maijirgi, inda in ka bar kwalta sai ka yi ta fama da rairayi har moto, wato babur, ya gaji da kai. Ɗan kwantiragi ne ni, ba a ɗauke ni aikin dindindin ba. Lissafi aka ba ni, ajin sizyam, wato ajin farko na kolej. Sizyam ɗin biyu ne. Nawa rumfar kara ce da aka kewaye da zana, awaki na leƙo mu duk lokacin da suka ga dama. Ɗayan kuwa ginin siminti ne mai ƙofar ƙarfe, kuma na wani dattijon malami ne da kowa ke kira tsohon mushe, don mushe ake ce wa malami a can, daga Faransanci.

Tsohon mushe ya haura shekara ashirin yana koyar da lissafi a wannan yanki. Daga Mayahi zuwa Hawandawaki babu inda bai zauna ba. Daraktanmu ɗalibinsa ne, rabin malaman ma haka, shi ya sa in ya yi tari a ofis sai kowa ya gyara zama. Littattafan lissafi ba mu da su. Abin da muke da shi kayen tsohon mushe ne, wani ƙaton littafin rubutu mai baƙin bango wanda ya tara darussansa a ciki tun yana saurayi. Al'adar wurin ita ce, duk sabon malamin lissafi a miƙa masa kayen nan ya kwafe shi da hannunsa, shafi bayan shafi, ya mayar cikin mako biyu. Daga nan shi ma ya kwafa a allo, yara su kwafa a nasu. Ko waƙafi ba a taɓawa.

Ranar da ya miƙo mini shi, da hannu biyu na karɓa, kamar yadda na ga ana yi. Amma wallahi abin ƙyama ne. Warin gumi da goro yake yi. Gefen kowane shafi ya yi baƙi ƙirin da maiƙo, saboda tsohon ba ya buɗe shafi sai ya lashi yatsa, kuma ya yi shekara ashirin yana lasa. Har da wani busasshen ƙuda na tarar a maƙale tsakanin darasin rabawa da na ninkawa. Na ce na gode, na sa shi a leda kafin in sa a jaka.

A mako na biyu na kwafar na iso shafin tarin lambobi. Da Faransanci muke koyarwa, kalmomin su ne fini da anfini, tari mai iyaka da tari marar iyaka. Kayen ya ce: mai iyaka shi ne wanda mutum zai iya ƙirgawa ya gama, marar iyaka shi ne wanda ya fi ƙarfin ƙirga. Ya ja layi da jan biki, wato biro, ya jera misalan marar iyaka a ƙasa: ƙwayoyin hatsin da ke cikin rumbu, yashin hanya, cikakkun lambobin ƙirga da ke ƙasa da miliyan dubu. A ɗaya gefen, cikin masu iyaka, ya sa lambobin da ke tsakanin ɗaya da biyu, har da dalili, wai ga farkonsu ga ƙarshensu.

Na ajiye biki na yi tsaki. Na yi shekara biyu a jami'a a Maradi kafin in baro, ban zama kowa ba, amma wannan kam na sani. Duka huɗun a juye suke. Yawa daban, rashin iyaka daban. Abin da tsohon ya auna gajiyar mai ƙirga ce, ba lambobin ba. Na kuma tuna cewa yaran yankin nan sun yi shekara ashirin suna haddace wannan shafin ana ba su maki a kai.

To me na yi? Na kwafe shi tsaf yadda yake, har da jan layin. Na mayar da kaye da hannu biyu. Ya tambaye ni ko na ga wani abin da ban gane ba, na ce a'a mushe, komai ya fita sarai.

Akwai wata yarinya a ajina, tana zama a tabarma ta uku kusa da zana. Za ta yi shekara goma sha huɗu, doguwa, ba ta da yawan magana. Maimaici take yi, ta faɗi sizyam bara. Dokar kuwa a fili take: wanda ya maimaita aji, in bai samu goma bisa ashirin a matsakaicin makin shekara ba, korarsa ake yi, babu zama na uku. Ta san haka, ni ma na sani. Faransanci ne ke kayar da ita, in aka ce ta karanta sai harshenta ya sarƙe, yara su yi ta dariya. Amma lissafi, kafin in gama rubuta tambaya ta gama amsawa a allonta ta kife shi. A wajen kakarta take, wata tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli a bakin makaranta, ko lakwal yadda suke cewa. Tsohuwar ta taɓa tare ni ta ce, "Mushe, ɗiyag ga ita kaɗai ta gare mu cikin lakwal. Ka riƙe mani ita." Na ce in sha Allahu.

Da lokacin darasin ya zo, na yanke shawarar a rumfata dai gaskiya zan koyar, ba sai kowa ya ji ba. Na tambayi aji, hatsin da ke cikin rumbu fini ne ko anfini? Masu maimaici suka riga kowa, suka haɗa baki, "Anfini, mushe!" Sauran suka bi su. Ita kaɗai ba ta buɗe baki ba. Can sai ta ɗaga hannu rabi, ta yi magana da Hausa, abin da aka hana a aji.

"Mushe, ƙarewa shikai."

Aka fashe da dariya. Na tsawatar, na ce ta ci gaba.

"Ni aka sawa cikin rumbunmu in miƙo damma," ta ce. "Bara tun kahin a yi shuka na share gindinai da tsintsiya. Abin da nis samu ko tiya guda bai cika ba."

Dariyar ta mutu, domin babu yaron da ke wurin da bai san ranar da ake share gindin rumbu ba. Ni kuwa daɗi ya kama ni har na manta da dokar Faransanci. Na ce to ga ma'auninmu, ita ta ba mu shi. A riƙa ɗiba ɗaya-ɗaya. In akwai ranar da za a wayi gari babu saura, ko da bayan shekara dubu ne, ko da jikokin jikokinka ne za su ƙarasa ɗibar, mai iyaka ne. In kuwa duk abin da ka ɗiba akwai saura, har abada, shi ne marar iyaka.

Muka bi su da ma'aunin nan. Lambobin da ke raba ashirin da huɗu ba saura, guda takwas ne, an ɗebe sun ƙare. Ɗaya, biyu, uku, har gaba: na ce wani ya faɗi lambar da ta fi kowace girma. Wani ya ce miliyan, na ce da ɗaya. Wani ya ce miliyan dubu, na ce da ɗaya. Suka gane wasan, duk wanda ya buɗe baki sai aji ya amsa masa, "Da ɗaya!" Cikakkun lambobin da ke ƙasa da miliyan dubu kuwa, na ce su yi haƙuri, suna da yawa ƙwarai, amma akwai ta ƙarshe da za a ɗauka hannu ya dawo wayam.

Na tsakanin ɗaya da biyu ne ya ba su wuya. Na ja layi a ƙasa da tsinke, taki ɗaya, na rubuta ɗaya a nan biyu a can. Suka ce ai ɗan wuri ne, mushe, me zai ɗauka? Na sa alama a tsakiya, ɗaya da rabi. Na sa wata a tsakiyar abin da ya rage. Na sake. Da wurin ya matse tsinke ya kasa shiga, suka ce ya ƙare. Sai yarinyar ta ce, "Tsinken ne yay yi kauri. Lambar tana nan." Na dube ta, na ji a raina cewa ko don wannan kaɗai shekarar ba ta tafi a banza ba.

Daga ranar ta canza. Takan tsaya bayan an tashi ta kawo mini nata tarin in gwada ta. Lambobin da biyar ke rabawa? Ba su ƙarewa. Gashin akuya? Yana ƙarewa, sai dai akuyar ba za ta tsaya ba. Faransancinta ma ya ɗan motsa. Da na duba makinta na zangon farko, ta ɗan haura tara da rabi. In ta yi lissafi yadda ta saba a jarrabawar ƙarshe, za ta haye.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta haɗin gwiwa ce. Tsohon mushe ke fitar da tambayoyi na ajujuwan biyu, shi ke rubuta amsoshin da za a bi wajen gyara, sannan a yi musanya, ya gyara takardun ajina in gyara na ajinsa. Saura kwana biyu ya kira ni gindin dogon-yaro inda yake shan shayi da hantsi, ya miƙo mini takardar in duba. Tambaya ta biyu, abubuwa biyar, a faɗi fini ko anfini, kowanne maki biyu. Biyu daidai suke. Ukun kuwa su ne na shafin nan: hatsin rumbu, lambobin ƙasa da miliyan dubu, na tsakanin ɗaya da biyu. Maki shida cif.

Mu biyu ne kawai a wurin. Babu ɗalibi, babu darakta, babu wanda zai ji ya ce an ci wa tsoho fuska. Da na ce, mushe, akwai wani ɗan wuri da nake so mu sake dubawa tare, iyakar abin da zai faru ya ɓata rai na kwana biyu. Ko ma in ce a canza tambayar da wata, ba sai na faɗi dalili ba. Na dubi bakinsa da ya yi ja da goro, na tuna cewa shi ake tambaya kafin a sabunta kwantiragin malamin lissafi. Na ce, "Ta yi kyau, mushe." Ya zuba mini shayi, na shanye.

Washegari na shiga rumfata na yi abin da har yau in na tuna nake jin ƙyamar kaina. Na ce wa yara su saurara da kyau. Na ce abin da na koya musu yana nan, amma in irin wannan tambayar ta fito a jarrabawa, su rubuta yadda yake a kayen bara: hatsi anfini, ƙasa da miliyan dubu anfini, tsakanin ɗaya da biyu fini. Na sa suka maimaita sau uku. Yara ba su damu ba, sun saba manya su ce abu yau su ce kishiyarsa gobe. Ita ce ta ɗaga hannun nan nata rabi.

"Mushe, to wanne ne gaskiya?"

Na ce na farkon.

"To mi za ya sa mu rubuta na biyun?"

Na ce don ku wuce. Na ƙara da cewa jarrabawa wuri ne na neman maki, ba wurin gardama ba. Ta dube ni, ta sauke hannunta. Na ɗauka ta ji.

Ba ta ji ba. Da takardu suka dawo daga hannun tsohon mushe, tata ce kaɗai a cikin ajujuwan biyu mai manyan jan gicciye uku a tambaya ta biyu. A gefen na hatsin har ta yi bayani da gurguwar Faransancinta, wai in ana ɗiba zai ƙare. Tsohon ya ja layi biyu a ƙarƙashi ya rubuta, rashin kunya. Sauran tambayoyin kusan duk ta ci. Da aka haɗa makin shekara, goma ake nema, ta samu tara da ɗoriya mai yawa. Abin da ya rage mata bai kai rabin maki ba. Na lissafa sau uku, da makin nan shida da ta haye har da sarari.

Majalisar malamai ta zauna a ajin tsohon mushe, ana gab da la'asar. Ruwan farko ya sauka kwana biyu kafin nan, kowa hankalinsa na gona, ana so a gama a watse. Zafi ya sa aka buɗe tagogi duka, kuma a bayan tagogin akwai mata masu talla da 'yan kwamitin iyaye suna zaune a inuwa. A ƙauyen nan abin da aka faɗa a majalisa kan riga malamai isa kasuwa. Darakta yana kiran suna, ana cewa ya wuce, ya maimaita, an kore shi. Da aka zo kanta ya ce, "Mai maimaici, ba ta kai ba. Kora." Har ya ɗaga biki.

Na miƙe na ce akwai magana. Na ce amsoshinta uku da aka soke daidai ne, na kayen ne kuskure.

Tsohon mushe ya cire tabarau ya goge da bakin riga, a hankali, ya mayar.

"Yaro," ya ce, "tashi ka tahi rumbun gidanku ka ƙirgo mani hatsin. In ka gama ka zo ka hwaɗa muna. Muna nan muna jiran ka."

Aka yi dariya irin ta masu neman a ga sun yi. Na ce rashin iya ƙirgawata ba ya hana shi adadi. Ya ce wannan adadin Allah kaɗai ya san shi. Na ce to alhamdu lillahi, tunda Allah ya san adadin, akwai adadin ke nan. Nan wuri ya kaure. Malamin tarihi ya ce in bar sa Allah cikin gardamar boko, alhali ba ni na fara sa shi ba. Na je allo na ɗauki alli na fara rubuta ɗaya da rabi, ɗaya da kashi uku cikin huɗu, ina bayani ina haki. Babu mai kallon allon. Malamin kimiyya, wanda na tabbata ya san gaskiyar, ya dage yana gyaran igiyar agogonsa. Wannan shirun nasa ya fi dariyar sauran ƙona mini rai, ko da yake da me na fi shi?

Darakta ya buga tebur. Mutum ne mai wayo, bai taɓa batun hatsi ba ko sau ɗaya.

"To mu ce kai ad da gaskiya," ya ce. "Sai mu gyara amsa. Ita ta samu shida, sauran yaran duka, aji biyu, kowa shi rasa shida. Nawa za su hwaɗi? Ka lissafa muna, tunda kai ne gwanin lissahi. Kuma ina da tambaya. Ajinka duka irin na kaye sunka rubuta, ban da ita. Wa yac ce masu su rubuta hakanan?"

Na kauce wa tambayar. Alli na hannuna har lokacin. Na ce to a ba kowa, ita da su. Ya ce amsa biyu ba su zama daidai a tambaya guda, in aka ji haka a ofishin ilimi na Tasawa me zai ce?

Sai ya kawo mafita, don shi ma so yake ya tafi gona. Al'adar majalisa ce, yaron da ya kusa goma ana iya ɗaga shi, in babban malamin fannin da ya kayar da shi ya yarda ya sa hannu. An ɗaga yara biyu a zaman nan kafin a zo kanta. Ya juya ga tsohon ya ce, mushe, a taimaka.

Tsohon ya jima yana tauna goro. Sannan ya ce, "Ni ban ƙi ba. Ɗiyar mutane ba ta yi mani komi ba, ɓata ta anka yi. Yaron ga shi tsaya nan gaban kowa shi ce abin da ke cikin kaye shi ne daidai, shi ne yay yi kuskure. Shi ce hatsin rumbu anfini ne. Sai in sa hannu yanzu-yanzu."

Jimla guda. Darakta ya dube ni ya ɗaga gira, ma'ana faɗi mu tashi. Biki na hannun tsohon, takardar na gabansa.

Ni kuwa a lokacin ban ga takardar ba, ban ga yarinyar ba. Tagogin na gani, da kawunan da ke bayansu. Na ga yadda gobe za a ce ɗan jami'ar nan an sa shi ya lashe maganarsa a gaban mata masu talla. Jinina ya hau. Ni da na yi wata takwas ina sunkuyar da kai, ni da na shanye shayin nan, sai a wannan minti ɗaya, inda sunkuyawar za ta yi amfani, girman kai ya taso mini. Na ce wallahi ko yanka ni za a yi ba zan faɗi ƙarya ba. Na ce ilimi ba gadon gidan kowa ba ne. Na jefar da alli na fita, har da buga ƙofar ƙarfen.

Abin takaicin, daɗi na ji. Wasu samarin malamai biyu suka biyo ni gida bayan an tashi, suka ba ni hannu, suka ce yau na fanshe su. Su da ko tari ba su yi ba a ciki. Na zauna ina ba su labarin abin da suka gani da idonsu, ina ƙara gishiri. Na ci tuwo na ƙoshi. Sai da za su tafi na tambaya, yarinyar fa? Suka ce ai kana fita aka rubuta kora aka wuce na gaba.

Da asuba, ina zaune bayan na sallame salla, abin ya sauko mini gaba ɗaya. Na sa yara sittin su rubuta abin da na san ƙarya ne don su wuce, ban ji komai ba. An ce ni in faɗi irinta sau ɗaya don yarinya guda ta wuce, na ce ni mai gaskiya ne. Gaskiyar ma ba tawa ba ce, ita ta rubuta ta, ita kuma aka kora. Ni ko kwantiragina ba a taɓa ba.

Rana na fitowa na nufi gidan tsohon mushe. Na same shi a ƙofar gida yana ba ragonsa dusa. Na cire takalmi na durƙusa. Na ce na zo ba da haƙuri. Ya ce a kan me? So yake ya ji da kunnensa. Na ce abin da ke cikin kaye shi ne daidai, ni na yi kuskure. Ya ce wane abin? Maƙwabcinsa na tsaye da kwandon iri a kai, ya fasa tafiya. Na ce hatsin rumbu anfini ne. Da bakina na faɗa, kuma ba a yanka ni ba.

Fuskarsa ta washe. Ya dafa kaina ya ce Allah ya yi mini albarka, ƙuruciya ce, shi ma ya yi. Ya sa aka kawo mini fura. Na ce to mushe, maganar sa hannun.

"Ayya," ya ce. "Ai darakta ya wuce Tasawa da takardu tun da anka sallame. So shikai shi komo shi yi shuka. Da jiya kac ce hakanan."

Na kira darakta a waya ya fi sau goma kafin ya ɗauka. Ya ce ya riga ya miƙa, an buga hatimi. Na ari moto na bi shi har Tasawa. A ofishin aka ce mini abin da majalisa ta yanke majalisa ce kaɗai ke warwarewa, kuma sai darakta ya rubuto. Darakta ya ce malamai sun watse gonaki, wa zai tara? Ya ce in bari sai an dawo hutu a gani. Na san abin da a gani ke nufi a bakinsa.

Ranar ba da sakamako ni na raba wa ajina takardunsu. Rumfar ta riga ta fara zubewa saboda ruwa, a tsaye muka yi. Na ajiye tata a ƙarshe, ina fatan ba za ta zo ba. Ta zo. Ƙafafunta duk jar ƙasa, daga gona take. Sai da sauran suka watse da ihunsu ta matso. Na miƙa mata. Ta karanta kalmar da ke ƙasa, wannan kam Faransancinta ya isa ta gane ta. Ba ta yi kuka ba. Na fara wata magana a kan cewa zan bi, zan rubuta, bayan hutu za a duba. Ta bar ni na gama.

"Mushe, amsata daidai ce?"

Na ce daidai ce, duka ukun.

Ta gyaɗa kai. Ta naɗe takardar gida huɗu.

"Kakata ta ji ta taga an ce ka hwaɗi magana guda a bar ni, kac ce ko yanka ka za a yi."

Na ce haka ne.

"Kuma an ce da sahe ka tahi gidanai ka durƙusa ka hwaɗa."

Na ce haka ne.

Ta ɗago ta dube ni sosai, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta.

"Ashe ka iya hwaɗi," ta ce.

Ta soke takardar a bakin zanenta ta juya. Kakarta na jiran ta a bakin hanya da tiren ƙuli-ƙuli, na ɗaga hannu na gaishe ta daga nesa, tsohuwar ba ta amsa ba.